Giya ta Shida a Motar Don Cleto

"Tencha, in leƙen ya ishe ki, zagayo ki riƙe mini sarƙar nan."

Don Cleto ne ya faɗa, ko kansa bai ɗago ba. Ni kuwa ina tsaye a kan bokitin da na kife a gindin katanga, na yi tsit kamar ba ni ba. Shekara talatin da huɗu katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Ciudad Vieja, ya san ƙarar bokitin nan kamar yadda ya san ƙarar inji.

"Wa ya ce maka leƙe nake yi? Kazata nake nema."

"Kazar taki a kan katanga take kiwo? Zagayo, baiwar Allah."

Na zagaya. A tsakar gidan, ƙarƙashin bishiyar fiya, ga motarsa an ɗaga ta a kan kututturai, doguwa, ja da kore, sunan marigayiya matarsa a goshinta da manyan baƙaƙe: Eduviges. A gefe ya kafa ƙarafa uku ya rataya sarƙa, wani ƙaton ƙarfe yana reto a jiki kamar aladen da aka yanka ranar biki, mai yana ɗiga cikin kwano.

"Me ka ciro mata haka? Hanjinta?"

"Giyabos ne. Wanda ta zo da shi daga arewa tun tana kwasar 'ya'yan Turawa zuwa makaranta. Riƙe nan, kar ki saki sai na ce." Ya goge hannu a wando. "Wannan an yi shi ne don tsayawa ƙofa-ƙofa. Shi ke canza kansa da kansa, giya huɗu kacal. Ki hau babban titi da shi, inji ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi, tafiya kuwa ta hawainiya."

"Sai yau ka sani? Shekara ashirin motar nan tana gidan nan."

Ya ci gaba da jan sarƙarsa. Kowa a garin nan ya san Don Cleto ya shekara arba'in a gareji yana yi wa motocin mutane wannan aikin. Su zo rawaya daga arewa, ya yanke musu gindi, ya cire giyar makaranta ya sa ta hannu, su fita suna gudu kamar an koro su. Tasa kaɗai ya bari yadda ta zo, tunda ba haya take yi a titi ba, sai ɗaukar 'yan unguwa zuwa biki ko ziyarar coci. Maɗinki ne mai yawo da yagaggiyar riga.

Na lura ya huda wa bel ɗinsa sabon rami, har biyu. Na lura farin idonsa ya yi rawaya. Amma Allah na tuba, ba can hankalina yake ba. Hankalina yana kan matar da ta zo kwana uku kafin nan.

A-kori-kura ce ta tsaya a ƙofarsa, wata mata ta sauko, ƙatuwa, da haƙorin zinariya da jan baki. Ita ta kawo giyabos ɗin da zai sa a madadin wancan, na hannu mai giya shida, wanda yake lulluɓe da tamfol a gindin bango, wai daga wurin tsofaffin ƙarafanta na Escuintla. Da kunnena na ji ta ce masa "Cletito", kamar mai kiran ɗan yaro. Namiji mai shekara saba'in da ɗaya, Cletito! Ta zauna ta sha kofi, ta yi dariya har sau shida, na ƙirga.

To ni ban ce komai ba. Washegari a wurin injin niƙa, muna layi da masararmu, cewa kawai na yi, "Wasu dai sun fara gyaran mota, ko ina za a je oho. Escuintla ma ai gari ne." Shi ke nan abin da na faɗa. In na ƙara gishiri to ɗan kaɗan ne, kan haƙorin zinariyar. Kafin Lahadi magana ta zagaya unguwa ta dawo mini da ƙafafu huɗu: wai an sa rana, wai zai sayar da gida, wai matar ma tana da ciki. Ni kaina da na ji sai da na riƙe baki.

Ranar Litinin 'yarsa Floridalma ta iso. Ita kaɗai Allah ya ba su. Direba ce, tana jan ƙaramar bas ta masu yawon buɗe ido a Antigua, tun tana shekara goma sha biyu uban ya ɗora ta a kan sitiyari. Ta shigo ko gaisuwa babu, rigar aikinta a jikinta. Ina riƙe da fitila a bakin motar, shi yana kwance a ƙasa.

"Baba, fito. A bakin mutane zan ji za ka yi aure?"

Ya turo kansa waje a hankali, ya dube ta, ya dube ni. Na mai da ido kan bishiyar fiya.

"Gidan rediyo ya yi aiki ke nan," ya ce.

"Ba wasa na zo yi ba. Motar da ke ɗauke da sunan mamata za ka gyara ka je ɗauko wata? To goge sunan tukuna. Ba ni fenti in goge da hannuna."

"Tencha, je ki duba kazarki."

Na tafi. Wato na fita ta ƙofa, na shiga gidana, na hau bokiti. Da na san abin da zan ji da na zauna a ɗaki.

Ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da yake ajiyewa a inuwa, ya ciro wata takardar asibiti a aljihu, duk ta yi baƙi da yatsunsa, ya miƙa mata. Ta karanta a tsaye. Sai na ga ta nemi wurin zama, babu, ta zauna a kan taya.

"Tun yaushe?"

"Tun Agusta. Ciwon a hanta yake. Likita ya ce da wuya in ga bikin Uwar Maryamu na Disamba."

"Kuma ka yi shiru? Ka shiga ƙarƙashin mota?"

"Ina kike so in shiga? Ƙarƙashin bargo?" Ya ɗan yi dariya, tari ya tare shi. "Kusa da uwarki zan kwanta, a Santa Rosalía. Kuma kafin ƙarfe uku zan isa. Ba za a yi mini abin da na yi mata ba."

Na gane sarai, domin ina cikin motar nan ranar da yake nufi. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Eduviges 'yar Santa Rosalía ce, can cikin gonakin kofi, bayan an bi titin bakin teku an wuce Retalhuleu. Da ta rasu muka ɗauke ta a wannan motar, mu arba'in, da akwatinta a tsakiya. Ƙauyen ba su da Fada nasu, wato limamin coci. Mai zuwa musu yana da ƙauyuka bakwai a wuyansa, in ya jira gawa zuwa ƙarfe uku bai gan ta ba, sai ya wuce. Mun tashi bakwai na safe. Muna hawa babban titi injin ya kama ihu. Muka fara addu'ar carbi, wadda ke ja ba ta jin masu amsawa, masu amsawa ba sa jin ta, muka yi ta motsa baki kamar kifaye har muka haƙura. Sau huɗu lagireto yana tafasa a cikin zafin nan, muna tsayawa neman ruwa a gidajen mutane. Biyar ta wuce muka isa. Fada ya tafi, an rufe coci. Haka aka sa Eduviges a rami, matar da ba ta taɓa fashin Lahadi ba, babu mai yayyafa mata ruwa mai tsarki. Don Cleto bai yi kuka ba ranar. Ya tsaya ne yana kallon motar.

"Baba, akwai motocin ɗaukar gawa," in ji Floridalma. "Awa biyar sun kai ka."

"Mutum nawa suke ɗauka? Ni da direba? 'Yan unguwa fa, su biyo ni da ƙafa? A'a. Motar da ta makarar da uwarki ita za ta kai ni a kan lokaci. Kuma ina so a ji addu'a a ciki." Ya ɗaga murya ba tare da ya juyo ba. "Tencha, sauko daga bokitin nan kar ki karye. Kin ji ai. Wannan karon ki kai musu daidai."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kai musu daidai kuwa. Ban taɓa ba da labarin da ya yi mini nauyi a baki kamar wannan ba, kuma ko ƙwayar gishiri ban sa ba.

Daga ranar aiki ya zama namu mu uku. Floridalma takan taso daga aiki ƙarfe biyu, ta tuɓe rigar kamfani ta sa tsohuwar rigar uban, ta shige ƙarƙashin mota. Shi kuma ƙarfinsa kullum raguwa yake. Makon farko yana shiga tare da ita. Mako na biyu sifana ta fara faɗuwa daga hannunsa, sai ya koma kan kujerarsa da sanda, yana nuni.

"Ba wannan ba, na kusa da shi. Wa ya koya miki aiki ne?"

"Wani tsoho mai taurin kai."

"Ki gaishe shi. Ɗaure a hankali, ba wuyan mijinki ba ne."

"Da ina da shi ai da na ɗaure tuntuni."

Ni aikina fitila da notuna. Na kawo kwanukan miyata guda shida na jera, kowane noti da kwanonsa, domin karatuna bai wuce aji uku ba, amma abin da na sa a kwano ba ya ɓace mini. Na koyi abubuwan da ban taɓa zaton zan sani ba a wannan shekarun. Na san motar ba ta da kuloci sai da aka dasa mata, aka huda ƙasa kusa da birki. Na ga an yanka rami a daben motar inda sandar giya za ta fito. Na san farfela ta yi tsawo, sai da aka kai ta aka rage. Har haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya ya sa aka canza, wai don taya ta riƙa cin ƙasa da yawa inji yana hutawa. Ranar ɗaga sabon giyabos maza shida suka shigo bayan coci da kayan Lahadinsu, suka naɗe hannun riga. Babu wanda ya ambaci ciwo. Sai zolaya.

"Don Cleto, ina amaryar mai haƙorin zinariya?"

"Ku tambayi Tencha, ita ta ɗaura auren."

Kullum da rana nakan kawo masa kunun masara da tortiya biyu masu laushi, wainar masararmu, da ɗan wake. Ya kurɓa sau uku ya ajiye. Kwanon yakan dawo mini kusan yadda ya tafi, in zuba wa kaji, in yi ta zaginsu suna ci.

Wata rana Floridalma ta tafi sayo mai, muna zaune mu biyu, ya ce, "Kin san Eduviges ce ta hana ni canza giyar nan tun farko? Ta ce giyar hannu tana fizgar mutum, tana zubar mata da furannin coci. Na ce to. Bayan ta tafi kuma na kasa taɓa motar. Kullum in ce gobe."

"Ai ba laifinka ba ne, Cleto."

"Makanike ne ni, Tencha. Na san abin da motar za ta yi a titin nan tun kafin mu tashi. Kunya ce ta hana ni aron ta wani."

Na ɗauki kwanon kunun na kai wa kaji.

Aka gama ranar wata Asabar, ƙarshen Oktoba. Ya ce sai an gwada. Ya sa a ɗora shi a kujerar direba, ya kama sitiyari, ya ɗora ƙafa a kan kuloci ya taka. Kulocin bai motsa ba. Ya sake takawa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya daɗe a zaune yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, "Flori, zo ki ja. Ni yau fasinja ne."

Muka gangara ta Alotenango, dutsen Fuego mai aman wuta yana ta fitar da hayaƙinsa a damanmu, har muka wuce Escuintla muka hau shimfiɗaɗɗen titi, rake hagu da dama. Yana zaune a kujerar farko da bargo a cinya duk da zafin, ya karkata kai yana sauraro.

"Huɗu. Bar ta ta cika. Yanzu biyar." Injin ya ɗaga murya, na ce ga ihun nan ya dawo. "Kar ki yi sauri. Jira. To, sa ta shida."

Floridalma ta tura sandar. Sai ƙarar ta faɗi, kamar an rufe ƙofa a kan masu faɗa. Motar ta miƙe, raken ya koma kore ɗaya yana wucewa, injin yana gurnani can ƙasa kamar kyanwa a cinya. Har iska nake ji tana shigowa ta taga.

"Tencha," ya ce, "je ki kujerar ƙarshe. Ki yi addu'ar gaisuwar Maryamu da muryar coci, ba ta kasuwa ba. In ji ko za ta iso nan."

Na bi kujeru ina dafawa har baya. Na zauna, na haɗa hannu. Na yi niyyar addu'ar, Allah shaida. Amma da na buɗe baki, a hankali, kamar mai raɗa, abin da ya fito shi ne, "Gashin da ke kan mai kantin magani ba nasa ba ne."

Can gaba na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya yi dariya har ya kama ciki, har hawaye, Floridalma tana cewa, "Me ta ce? Baba, me ta ce?" Shi kuwa sai cewa yake, "Na ji. Na ji ta sarai." Da dariyar ta lafa hawayen bai tsaya ba. Ya juya fuska wajen taga. Muka yi tafiyar kusan rabin awa babu mai magana, kuma ana jin shirun.

Bayan wannan bai sake fita ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ranar Laraba da hantsi na shiga da kunu, na same shi a kujerarsa ta inuwa, Floridalma ta fito da shi shan iska ta shiga wanka. Ya miƙo mini hannuwansa biyu.

"Duba mini farcen nan. Eduviges ba ta barin in zauna cin abinci da su haka."

Baƙin mai na shekara arba'in ne a ƙarƙashinsu. Na ɗebo ruwan ɗumi da sabulu da lemun tsami, na fasa tsinken ashana, na zauna a kan taya na kama aiki. Ina yi ina ba shi labarin unguwa, wa ya yi faɗa da wa, 'yar wa aka gani a bayan babur ɗin wa. Yana cewa "uhm". Na gama hannun dama na koma na hagu. Ina kan yatsa na uku na lura na daɗe ban ji "uhm" ba. Ban ɗago ba. Na ƙarasa sauran biyun tukuna, na goge hannun da zanena, na ɗora masa a cinya, sannan na kira Floridalma.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai muka tashi, mu arba'in da uku. An cire kujeru biyu na tsakiya aka ɗaure akwatin da igiya. Floridalma ce a sitiyari da baƙar riga. Har matar Escuintla ta zo, ta tare mu a bakin hanya da furanni, babu jan baki. Na matsa mata ta zauna kusa da ni, na ba ta tamal ɗina, dafaffen ƙullin masara a ganye.

Da muka hau babban titi na ji ta sa ta shida. Doña Remigia, wadda ke ja mana addu'a a unguwa, ta ciro carbinta ta fara, da muryarta ta tsohuwa wadda ko a ɗaki sai an kasa kunne. Mota gaba ɗaya ta amsa, har na kujerar ƙarshe. Muka yi carbi uku cur tsakanin Escuintla da Retalhuleu. Ba mu tsaya neman ruwa ko sau ɗaya ba. Sha biyu da rabi muka bar kwalta muka kama hanyar Santa Rosalía, maza suna duba agogo suna gyaɗa kai.

Hanyar ƙauyen ta duwatsu ce, tana bin rafi, sai ta ƙetare wata 'yar gada ta miƙe sama tsaye kamar tsani. An yi ruwa da safe. Floridalma ta sa ta ɗaya ta taka. Motar ta hau kamar tsawon gida biyar, ta yi nishi, ta yi rawa, ta mutu. Ta sake tayarwa. Ta hau kaɗan, ta mutu, ta fara silalowa baya, mata suka kama kiran Uwar Maryamu, maza suka dira suka sa waigi da duwatsu.

"Kowa ya sauka," ta ce. "A rage mata nauyi."

Aka sauka, aka bar ni saboda gwiwata, da akwatin. Ta ba ta wuta sosai tana sakin kuloci a hankali. Wani wari ya taso kamar ana ƙona gashi, hayaƙi ya fito ta ramin sandar giya. Injin yana ihu, motar ba ta motsi. Gindinta ya goce ya tokare bango, ta gicciye a hanya, babu mai wucewa ta sama ko ta ƙasa. Floridalma ta kashe. Ta kifa goshi a kan sitiyari.

"Kuloci ya ƙone," ta ce, ba da ni take ba. "Giyar titi muka sa mata. Mun ba ta gudu mun ƙwace mata hawa. Waccan tsohuwar giyar da rarrafe take hawa nan." Ta bugi sitiyarin da tafin hannu. "Mu biyu, Doña Tencha, makanike da direba, kullum hankalinmu yana kan kwalta. Ko sau ɗaya ba mu tuna tudun nan ba."

"Ƙarfe nawa, 'yar nan?"

"Ɗaya da kwata."

"Daga nan zuwa coci fa?"

"Awa guda ga mai hannu sake."

Ta ɗago, ta share fuska da bayan hannu, ta tashi ta kwance igiyar da kanta. Aka buɗe ƙofar baya, wadda 'yan makaranta ke fita in an yi hatsari, aka zaro akwatin. Maza suka jeru bibbiyu gwargwadon tsawo, kamar yadda suke yi in za su ɗauki gunkin waliyyi a Makon Tsarki, shida a ƙarƙashi, sauran a baya suna jiran karɓa. Mafi yawansu tsofaffi ne, abokan garejinsa, da takalman Lahadi masu santsi. Floridalma ta cire nata takalmin ta jefa cikin mota ta shiga gaba ta hagu, babu wanda ya ce mata mace ba ta ɗauka.

"Doña Tencha, za ki iya?"

Na dubi tudun, na dubi gwiwata. Shekara talatin da huɗu babu abin da ya faru a gidan mutumin nan da ban gani ba.

"Ku tafi. Kar ku tsaya jirana. Zan tsare motar."

Suka tafi. Ina zaune a kujerar farko ina kallonsu ta gilashi. Akwatin yana hawa a hankali, ya karkata, ya daidaita, ya ɓace a cikin itatuwan kofi, ya sake bayyana a sama ya ƙanƙance. Na ga wasu masu tsinkar kofi sun ajiye kwandunansu, sun cire hula, sun bi bayansu. Daga nan kwana ta haɗiye su.

Ba ni da agogo. Injin yana ta ƙas-ƙas yana hucewa har ya yi shiru. Inuwar motar ta taso daga ƙarƙashinta ta fara tsallaka hanya. Na ɗauki carbi na ajiye. Na ƙirga duwatsun da aka sa a bayan taya. Hadari ya fara haɗuwa a kan tudun. Na ce a raina uku ta yi, ta ma wuce, yanzu Fada yana naɗe rigarsa. Na ce, Cleto, ka ga abin da taurin kanka ya ja maka. Na faɗa da ƙarfi, a cikin motar da babu kowa.

Sai na ji ƙararrawa. Can sama, siririya, ɗaya, a jira, sannan ɗaya. Ba a buga wannan sai Fada ya tsaya a ƙofar coci ya karɓi gawa da hannunsa. Na zauna ina ji har ta ƙare.

Akwai wata bukka a ƙetaren gadar. Wata mata ta fito da goyo a bayanta, ta tsallako da kofi a ƙaramin kwano, ta tsaya a matakalar motar ta miƙo mini. Ta leƙa ciki, ta ga kujeru babu kowa, da igiya a ƙasa, da takalman Floridalma a gefen birki.

"Sannu, Iya. Wane ne aka hau da shi?"

Na karɓi kwanon da hannu biyu. Ga mai tambaya, ga lokaci, ga labari tun daga farkonsa.

"Maƙwabcina ne," na ce.

Ta jira ko zan ƙara. Da ta ga ban ƙara ba, sai ta zauna a matakalar ta juyo da goyon gabanta. Yayyafi ya fara sauka a kan rufin motar.